Daga Difloma Zuwa Digiri: Ranar Da Akawunmu Ta Ce Za Ta Koma Makaranta

A wannan fitowa ba zancen taki ko iri na kawo muku ba. Zancen mutumin nan ne da yake zaune a gefen teburi ranar taron ƙungiya, da littafi da biro, wanda ba mu cika tunawa da shi ba sai ranar da lissafi ya ƙi daidaita.

A cikin ƙungiyoyin gama kai na ekklisiya da nake ziyarta, akwai wata a wani ƙauye da ke gindin dutse wadda nake jin daɗin zuwa wurinta. Dalili kuwa, littattafanta tsaf suke. In ka tambayi buhu nawa na masara aka tara, wa ya karɓi bashin taki, wa ya biya, wa ya rage, ba a ce maka ka jira ma'aji ya dawo daga kasuwa. A nan take za a buɗe maka shafi. Wata yarinya ce take riƙe da littattafan, ɗiyar wata gwauruwa 'yar zumuntar mata. Ta yi shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha ta sami difloma ta ƙasa a kan aikin akanta, wadda ake kira ND. Kuɗi ya ƙare, ta dawo gida, ƙungiya ta ba ta aikin akawu da ɗan abin sayen sabulu kowane wata.

Shekara biyu ke nan da suka wuce, bayan an gama raba ribar kaka a ƙarƙashin mangwaron majami'a, sai yarinyar ta miƙe ta rusuna ta ce, "Iyayena, ina roƙon izini. Ina so in koma makaranta in yi digiri." Wuri ya yi tsit. Can sai wani dattijon ekklisiya ya gyara murya ya ce, "'Yata, yaron da muka haɗa wa kuɗi shekarun baya, tun da ya sami aiki a birni ko gaisuwa bai aiko ba. Yanzu ke ma?" Ma'aji kuma ya ce, "Ashe karatun da kika yi bai isa ƙirga masara ba?" Aka yi dariya, amma yarinyar ba ta yi ba, uwarta ma ba ta yi ba.

Daga nan aka juyo gare ni. "Malam, kai ne ɗan boko, me ka gani?" Ni kuwa kwalejin horon malamai na yi, daga baya na shiga aikin gona. Na roƙi a ba ni wata guda in je in tambayo. Abin da na tarar shi ne zan faɗa muku a nan, gama na san ba wannan ƙungiya kaɗai ce za ta gamu da irin wannan roƙo ba.

Hanya biyu, kowace shekara uku

Wanda ya riƙe ND yana tsaye ne a mararraba. Hanya ta fari ita ce ya yi shekara ɗaya ta koyon aiki a wata ma'aikata, sa'an nan ya koma kwalejin kimiyya da fasaha ya yi shekara biyu ya sami babbar difloma, wato HND. Hanya ta biyu ita ce ya nemi shiga jami'a kai tsaye, abin da 'yan makaranta suke kira DE. Ba zai fara daga aji ɗaya ba. Za a sa shi a aji biyu, tun da digirin akanta ko na sha'anin kasuwanci shekara huɗu ne, sai ya rage masa uku.

Ku lissafa da kanku. Ɗaya da biyu uku ne, can ma uku ne. Mutane da yawa suna tsammani jami'a ta fi tsawo, alhali a kan takarda tsawonsu ɗaya. Bambancin shi ne, a hanyar HND shekarar fari ta aiki ce, yaro yana iya samun ɗan abin kashewa, amma a hanyar jami'a shekara ukun duka na biyan kuɗi ne. Na ce a kan takarda, domin mun ga yajin aikin malaman jami'a na 2020 da ya ci wata tara, da na 2022 da ya ci wata takwas. Mai shirin shekara uku ya ajiye guzurin ta huɗu.

Dukan hanyoyin biyu suna kai mutum ga bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, muddin ya gama bai wuce shekara 30 da haihuwa ba. Wanda ya wuce, takardar yafewa ake ba shi. Mai ND kaɗai ba a kiransa.

Ba na cikin masu rena HND. Na ga masu riƙe da ita da suka fi wasu masu digiri iya aiki nesa ba kusa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ta Jihar Filato da ke Barikin Ladi sun yaye akantoci masu yawa da suke riƙe da manyan ofisoshi. Amma gaskiya ɗaya ce, an daɗe ana kuka cewa a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma ana fifita mai digiri. Kuma wanda yake da niyyar yin digiri na biyu ko koyarwa a jami'a, in ya bi ta HND yawanci sai ya ƙara wata difloma ta shekara guda kafin a karɓe shi. Yarinyarmu ta san wannan, shi ya sa ta zaɓi jami'a.

Amsar tambayar ma'aji

Tambayar ma'aji ba ta wasa ba ce, ko da yake da wasa ya yi ta. Me jami'a za ta ƙara wa mai ND?

Ƙirga masara kam, difloma ta isa, har da rara. A shekara biyun nan ana koya wa ɗalibi yadda ake rubuta kowane kuɗi sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga, domin in an yi kuskure ko an yi hannu biyu, jimla za ta ƙi haɗuwa. Ana koya masa daidaita littafin ƙungiya da takardar banki, da fitar da lissafin riba da hasara a ƙarshen shekara. Da wannan ilimi ne yarinyar ta nuna wa ƙungiyarta wani abin da ba su taɓa lura ba. Suna da injin niƙa, kowace shekara suna raba dukan abin da ya kawo suna cewa riba ce. Ta ce musu, "Iyayena, injin nan yana tsufa. In ba mu cire wani kashi kowace shekara mun ajiye ba, ranar da ya mutu za mu gane cewa injin muka yi ta cinyewa, ba riba ba." Ta kuma hana a ci gaba da rubuta bashin mutanen da suka rasu ko suka ƙaura tun da daɗewa kamar kuɗi ne a hannu. Shekarar farko ribar da aka raba ta ragu, aka yi ta gunaguni. Da injin ya lalace, kuɗin gyara yana nan a ajiye.

To, ga inda difloma take tsayawa. Ƙungiyar nan tana so ta gina babban sito domin ta riƙa sayen masara da kaka ta sayar da damina. Za a ci bashin banki ne? Ruwan bashin nawa ne ƙungiya za ta iya ɗauka ba ta nutse ba? In farashi bai tashi yadda aka sa rai ba, kamar yadda yakan faru a shekarar da aka yi yabanya mai kyau ko'ina, ko aka shigo da hatsi daga waje, wa zai biya? Nawa hatsi yake raguwa a sito saboda bushewa da ƙwari da ɓera? Yarjejeniyar da mai kamfanin abincin kaji ya kawo, mene ne a cikin ƙananan rubutun nan na ƙasa? Irin waɗannan tambayoyi ne ake zurfafawa a jami'a, cikin darussan tattalin arziki, da ƙididdiga, da dokar ciniki, da haraji, da binciken littattafai, da sarrafa jari. A ajin ƙarshe kuma kowane ɗalibi yana yin bincike na kansa ya rubuta shi. Na riga na roƙi yarinyarmu ta yi nata a kan ajiyar hatsi a ƙungiyoyin ekklisiya, domin mu ma mu ci moriya.

Na sha ganin ƙungiya ta je Bankin Manoma ko wurin masu ba da tallafi ta dawo hannu banza, ba don aikinta ba shi da kyau ba, sai don ba wanda ya iya rubuta shirin a hanyar da masu kuɗi suke so su gani. Wannan rami ne da ya daɗe yana cin mu.

Amma in faɗi abu ɗaya kada a ce ban faɗa ba. Digiri ba ya mai da ɓarawo mai aminci. In hannun mutum yana da ƙaiƙayi, ƙarin ilimi sai ya koya masa ɓoye sawu. Ƙungiyar da za ta tura wani karatu ta duba halinsa kafin ta duba takardarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Nan ne muka sha wuya, don haka zan daɗe a kai.

Neman shiga jami'a kai tsaye ta hannun hukumar JAMB ake yinsa, wadda aka kafa a 1978. Tana buɗe rajista sau ɗaya a shekara, yawanci cikin watannin farko, lokacin rani. Mai ND ba ya sake rubuta jarrabawar da 'yan sakandare suke rubutawa, amma jami'ar da ya zaɓa tana iya tantance shi ta hanyarta. Guraben da ake ware wa masu shiga kai tsaye ba su da yawa, saboda haka ba duk wanda ya cika sharuɗɗa ne yake samu ba.

Difloma tana da daraja hawa huɗu. Mafi girma shi ne distinshin, daga maki 3.50 cikin 4.00. Sai kiredit na sama, daga 3.00, sai kiredit na ƙasa, daga 2.50, sai fas, daga 2.00. Jami'o'i da yawa kiredit na sama suke nema, wasu suna karɓar na ƙasa, mai fas kuwa da wuya ƙofa ta buɗe masa. Iyaye, ku gaya wa yaranku da suke cikin difloma yanzu cewa makin zangon farko ma yana cikin lissafi. Tun ran gini ran zane.

Difloma kuma ba ta rufe ramin sakandare. Har yanzu za a nemi kiredit biyar, da Turanci da Lissafi a ciki, ga mai son akanta ko kasuwanci kuma yawanci har da darasin tattalin arziki, a zama ɗaya ko biyu. Kowace jami'a tana da nata ƙarin sharaɗi, duk suna rubuce a littafin bayani na JAMB. Abin da Jami'ar Jos take nema ba lalle ne ya zama daidai da na Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano ba. A karanta da ido, kada a dogara ga "an ce".

Sai a tabbata cewa kwas ɗin da yaro ya yi, hukumar NBTE da ke Kaduna ta amince da shi. Ita ce mai kula da makarantun difloma tun 1977. Akwai makarantu a garuruwanmu da suke da allo mai kyau a bakin hanya, suna ba da takarda mai hatimi suna kiranta difloma, amma ba ta kai mutum ko'ina. Haka kuma a duba ko shigarsa difloma tun fari ta bi ta JAMB, yana da lamba da takardar shiga. In babu, sai an gyara wannan tukuna.

Yarinyarmu duk ta haye waɗannan. Abin da ya kā da ita suna ne. A takardar sakandare da ta difloma sunan baftisma ne da sunan mahaifinta. Lokacin da aka je yin lambar ɗan ƙasa ta NIN kuwa, wani kawunta ne ya kai su, ya ba da sunan da ake kiranta da shi a gida da sunan kakanta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da wannan lamba, kuma sunan da ke jikinta shi ne yake fitowa. Sai ga mutum ɗaya da suna biyu. Kafin a je kotu a yi rantsuwa, a buga a jarida, a jira a gyara, lokaci ya tafi. A gefe guda kuma takardar makin dukan darussanta, wadda makaranta take aika wa jami'a da kanta, ta kwana a ofis wata da watanni. Sau uku tana hawa mota zuwa makarantar, sau uku ana ce mata ta dawo mako mai zuwa. Shekarar nan ta wuce ta.

Laifin sunan namu ne, ni ma ina ciki, gama na ga takardun ban haɗa su gefe da gefe ba. A wurinmu mutum ɗaya yana da sunan yare, da sunan baftisma, da sunan rana, wani lokaci har da sunan wanda ya riƙe shi. Ina roƙon fastoci da masu bishara da shugabannin matasa, ku sa rana ɗaya bayan sujada kowane yaro ya kawo takardunsa duka a shimfiɗa a kan benci, a duba suna, da jerin sunan, da ranar haihuwa. Aikin awa ɗaya ne.

Wanda ba zai iya barin gona ba

Ba kowane akawu ne ya kamata ya tafi jami'a ba. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu da gona, in ya tafi shekara uku, gidan wa zai ci da shi? Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, mai cibiyoyi a jihohi, inda mutum yake karatu daga gida ya je jarrabawa. Tana bukatar waya ko kwamfuta da intanet, da kuma horon kai mai tsanani, gama ba malamin da zai bi ka da bulala. Akwai kuma jarrabawar ATSWA ta ƙungiyar akantoci ta ICAN, mai hawa uku, wadda ake rubutawa ana cikin aiki, ita ce kuma tsani zuwa zama cikakken akanta. Ɗaya ƙungiyar akantocin, ANAN, kwalejinta tana Kwall kusa da Jos, tana karɓar masu digiri ko HND. Wanda kuma zuciyarsa take kan aikin gama kai shi kansa, Kwalejin Gama Kai ta Tarayya tana nan a Kaduna.

Abin da ƙungiyar ta yi

Shekarar da aka rasa ba ta tafi a banza ba. A cikinta ne aka zauna aka yi lissafi, kamar yadda Ubangiji ya koyar a Luka sura 14 game da mai shirin gini. An rubuta kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci, da littattafai, da mota, an kuma ƙara kashi na abin da ba a zata ba. Jimlar ta fi ƙarfin gwauruwa, ta kuma fi ƙarfin ƙungiya ita kaɗai.

Na tuna musu cewa a cikin ƙa'idodi bakwai na ƙungiyoyin gama kai na duniya, ta biyar ita ce ilimi da horo. Da muka buɗe dokokin ƙungiyarsu, sai ga layi a rubuce cewa a riƙa cire wani kashi na riba domin asusun ilimi. Shekara da shekaru ba wanda ya cire ko kwabo. Ku ma ku duba naku dokokin, mai yiwuwa layin yana nan yana barci.

Ga yadda aka shirya. Kuɗin makaranta, yarinyar za ta nemi rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda ba shi da ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. An bayyana mata a fili cewa bashi ne, ba kyauta ba. Ɗaki da littattafai, ƙungiya za ta ba ta rance daga asusun ilimi. Zumuntar mata ta ɗauki abinci, mudu mudu daga kowane gida duk zango. Dattijon nan da ya fara ƙi shi ne ya kawo sharaɗin da ya fi kowane amfani. Ya ce, "Wancan yaron da baki muka yi da shi. Wannan karo a rubuta." Aka rubuta cewa kowane hutu za ta dawo ta duba littattafai, bayan bautar ƙasa kuma za ta yi wa ƙungiya aiki shekara biyu a kan albashin da za a daidaita, ko kuwa ta biya rancen duka. Ta sa hannu, kawunta ya sa, fasto da shugaba suka shaida.

Wata mata ta tambaya, "In ta yi aure fa?" Uwar yarinyar ce ta amsa, ta ce duk wanda ya zo neman ɗiyarta, takardar nan za a fara karanta masa kafin a yi maganar sadaki.

Ni kuma na dage a kan abu ɗaya, cewa ba za ta tafi ba sai ta bar magaji. Aka zaɓi yara biyu da suka gama sakandare, namiji da mace, ta yi wata takwas tana zama da su kowace Asabar. Sun koyi rubuta rasit, da littafin kuɗin shiga da fita, da littafin bashin membobi, da ƙirga buhuna a sito a gaban shaida. Ba su kai ta ba, amma ƙungiya ba ta koma zamanin "ma'aji ya tafi kasuwa" ba.

Kada in ɓoye muku, ba wanda ya isa ya tabbatar cewa za ta zauna a ƙauye har tsufa. Mai digirin akanta, birni zai kira ta da albashin da ƙungiyar manoma ba za ta iya biya ba. Ni a ganina, in ta cika shekara biyun nan ta kuma bar mutane uku ko huɗu da suka iya aikin, ba mu yi hasara ba. Na kuma fara magana da ƙungiyoyi huɗu na gundumar a kan su haɗa kuɗi su ɗauki akanta ɗaya tsakaninsu, gama albashin da ya gagari ɗaya ba zai gagari biyar ba.

Da aka sake buɗe rajista, takardunta duka suna ɗauke da suna ɗaya, takardar maki kuma ta riga ta isa. Ta samu. Yanzu tana aji biyu, ta ce darasin ƙididdiga yana ba ta wuya, an kuma sa ta ɗauki wasu darussan aji ɗaya da ba ta yi a difloma ba, abin da ba mu sa a lissafi ba. Da hutun Kirsimati ta dawo ta zauna kwana uku a kan littattafai. Ta sami kuskure biyu a littafin bashin taki, an rubuta biyan wani a shafin ƙanensa. Ta kira yaran biyu ta sa suka gyara da hannunsu.